Patty Gasso: Tarihi da Nasarorin Mai Horar da 'Yan Wasan Sofbol na Jami'ar Oklahoma

Gabatarwa

Idan aka yi zancen wasanni a tsakaninmu ɗalibai, yawanci ƙwallon ƙafa ne yake zuwa bakin kowa, kuma masu horarwar da muke ambata kusan duk maza ne. A wannan maƙala zan kawo wa mai karatu tarihin wata mace ce mai suna Patty Gasso, wadda ta yi fice wajen horar da ɗalibai mata wasan sofbol a Jami'ar Oklahoma da ke Amurka. Abin da nake so in nuna shi ne yadda ta ɗauki shekaru tana gini kafin duniya ta san da ita.

Mene ne Sofbol?

Sofbol ƙanen wasan besbol ne, an kuma fara yin sa a birnin Chicago a shekarar 1887. Kowace ƙungiya tana sa mutum tara a fili. Mai jifa yana wurgo ƙwallo ta ƙasan kafaɗa, shi kuma mai duka yana ƙoƙarin doke ta da kulki. Idan ya doke ta, sai ya ruga yana taɓa matsayai uku da ke filin, in ya dawo inda ya tashi ya ci maki ɗaya. Ana yin wasan turmi bakwai, kuma a kowane turmi ƙungiyoyin biyu suna karɓa-karɓa tsakanin jifa da duka. Ko da yake sunan wasan yana nufin ƙwallo mai laushi, ƙwallon tana da tauri, ta ma fi ta besbol girma.

A jami'o'in Amurka mata ne suke yin wannan wasa. Wata doka da aka kafa a 1972, wadda ta hana nuna bambanci tsakanin maza da mata a makarantun da ke samun kuɗin gwamnatin tarayya, ita ce ta buɗe wa wasannin mata ƙofa. A 1982 hukumar wasannin jami'o'i ta ƙasar, wato NCAA, ta fara shirya gasar sofbol ta ƙasa.

Farkon Aikinta

An haifi Patty Gasso a jihar Kalifoniya a 1962. Ta yi wasan sofbol tana ɗaliba, daga baya ta horar da 'yan makarantar sakandare, sannan ta riƙe ƙungiyar wata kwaleji a birnin Long Beach daga 1990 zuwa 1994. A kakar wasa ta 1995 ta fara jagorantar ƙungiyar Jami'ar Oklahoma da ke garin Norman.

A lokacin, jami'o'in Kalifoniya da Arizona ne suke riƙe da wasan. Ƙungiyar da Gasso ta tarar ba ta da filinta na kanta, a wani filin shaƙatawa na gari take wasa tare da sauran jama'a. Sai a 1998 aka buɗe musu fili a jami'a. Shekara biyu bayan haka, a 2000, ta doke jami'ar UCLA da ci 3 da 1 a wasan ƙarshe, ta ɗauki kofin ƙasa na farko.

Shekarun Jira

A ganina, nan ne ɓangaren tarihinta da ya fi cancantar a tsaya a duba. Bayan kofin 2000, sai da ta yi shekara 13 kafin ta sake ɗaukar wani. A 2012 ta kai wasan ƙarshe, amma Jami'ar Alabama ta doke ta. Duk da haka ba ta bar aikin ba, ita ma jami'ar ba ta sallame ta ba. A 2013 ƙungiyarta ta ci wasa 57, aka ci ta 4 kacal, ta ɗauki kofi na biyu. Hausawa suka ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa.

Manyan Nasarori

Daga nan kofuna suka riƙa biyo juna. Ta yi nasara a 2016 da 2017, sannan ta ɗauki kofi huɗu a jere: 2021 da 2022 da 2023 da 2024. Babu wata jami'a da ta taɓa yin haka a wannan gasa kafin ita. Jimillar kofunanta zuwa 2024 takwas ne, wato ta kamo Mike Candrea na Jami'ar Arizona, wanda shi ma takwas ya ɗauka kafin ya yi ritaya a 2021.

A kakar 2023 ƙungiyarta ta ci wasa 61, sau ɗaya tak aka doke ta. Haka kuma daga Fabrairun 2023 zuwa Maris na 2024 ta ci wasa 71 a jere, alhali tarihin da ta tarar shi ne wasa 47 da Arizona ta kafa. Ɗaya daga cikin ɗalibanta, Jocelyn Alo, ta doke ƙwallo ta tsallake shingen fili har sau 122 a zamanta na jami'a, abin da ya kafa sabon tarihi a 2022. A 2024 jami'ar ta buɗe sabon filin wasa mai ɗaukar 'yan kallo 4,200, aka kuma kafa mutum-mutumin Gasso a wurin. A 2025 aka naɗa ta mai horar da ƙungiyar mata ta ƙasar Amurka domin gasar Olamfik ta 2028 a birnin Los Angeles.

Bugu da ƙari, ta yaye masu horarwa. Tim Walton, wanda yake mataimakinta lokacin kofin 2000, ya zama mai horar da ƙungiyar Jami'ar Florida. Su biyun sun haɗu a wasan ƙarshe na 2017, inda karawar farko ta kai turmi 17 kafin Oklahoma ta yi nasara da ci 7 da 5. Melyssa Lombardi, wadda ta yi wasa a hannunta kuma ta daɗe tana yi mata mataimakiya, ta karɓi ƙungiyar Jami'ar Oregon a 2018.

Kammalawa

Nasara ba ta dawwama a hannun kowa, domin a 2025 Jami'ar Texas Tech ta fitar da Oklahoma a wasan kusa da na ƙarshe, kofin ya tafi Jami'ar Texas. Amma idan muka lissafa, bakwai daga cikin kofunan Gasso takwas sun zo ne bayan ta kai shekara 18 a kan aikin. Tambayar da nake bar wa 'yan uwana ɗalibai ita ce: da a ce an yi gajen haƙuri da ita a cikin shekarun nan 13, wa zai san sunanta yau?