Aikatau "Embroil" da Matsalar Ɗora Alhaki a Fassarar Hausa

Aikatau "embroil" ya shigo Ingilishi daga Faransanci a farkon ƙarni na 17, kuma tushensa na nufin cukurkuɗewa. A yau yana nufin jawo mutum cikin rikicin da ke da wuyar fita. Sau da yawa yakan zo ne a sigar da ba ta ambaton mai aikatawa, don haka ba ya fayyace ko mutum ya shiga da ƙafarsa ko jawo shi aka yi. Hausa ba ta cika barin wannan giɓi ba.

Unguwar Television da ke kudu da Kogin Kaduna ta isa misali. Rikicin Shari'a na Fabrairu da Mayu 2000, da na gasar sarauniyar kyau ta duniya a Nuwamba 2002, sun raba mazaunin birnin: akasarin Kiristoci suka koma kudu, Musulmi kuma arewa. Duk da haka Hausa ce harshen cuɗanya tsakanin ƙabilun unguwar. A ƙaddara rahoton Ingilishi ya yi amfani da wannan aikatau a kan matasanta. Mai fassara na da zaɓi huɗu.

Idan ya ce rikici ya rutsa da su, ya wanke su, domin "rutsa" na nuna abin da ya auka wa mutum ba shiri. Idan ya ce sun tsoma hannu, ya tuhume su da ganganci. Idan ya ce an jefa su, ya nuna akwai wani a bayan fage, irin wanda karin magana ke kira mai ingiza mai kantu ruwa. Na huɗu shi ne "tsunduma", wanda ya fi kusa da ma'anar asali, domin yana ɗauke da hoton nutsewa. Sai dai shi ma iri biyu ne: so-karɓau a "an tsunduma su", da ƙi-karɓau a "sun tsunduma". Karin sauti ke bambanta su a baki, rubutun yau da kullum kuwa ba ya nuna shi.

Ke nan wajibi ne mai fassara ya koma cikin rahoton ya gano wanda ya aikata kafin ya zaɓi kalma. A birnin da kogi ya zama iyaka, maƙwabci na iya jin zaɓin nan tamkar hukunci.