Ja'afaru Barmaki da 'Yar'uwar Halifa

A cikin shekara ta 187 ta Hijira, watau 803 ta Miladiyya, Halifa Haruna Rashidu ya komo daga aikin Hajji ya sauka kusa da Anbar, a bakin kogin Furatu. Da dare ya aiki bawansa Masruru ya kawo masa kan Ja'afaru ɗan Yahaya Barmaki, wazirinsa kuma abokin hirarsa. Aka kama ubansa Yahaya da ɗan'uwansa Falalu, aka ƙwace dukiyar gidan, gawar Ja'afaru kuwa aka kai ta Bagadaza aka rataye bisa gadoji. Gidan da ya yi shekara 17 yana juya daula ya rushe dare ɗaya.

Halifa bai bayyana wa jama'a dalili ba, saboda haka kowa ya kawo nasa. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne abin da Ɗabari ya ruwaito cikin tarihinsa. An ce Haruna ba ya jure rabuwa da mutum biyu a majalisar hira, Ja'afaru da 'yar'uwarsa Abbasa 'yar Mahadi. Don ya halatta su zauna wuri ɗaya, sai ya ɗaura musu aure, bisa sharaɗin miji ba zai kusance ta ba. To, ga ƙuruciya, ga aure a tsakani, Halifa kuma yakan tashi ya bar su. Abbasa ta haifi ɗa namiji, ta aika da shi Makka a ɓoye tare da masu reno. Asiri ya rufu har ran da ta yi faɗa da wata kuyangarta, ita ko ta kai labari kunnen Halifa.

Nan akwai abin da malamai za su tsaya a kai. A wurin malamanmu na Malikiyya, sharaɗin da ya saɓa wa maƙasudin aure yana ɓata shi kafin a tare, in kuwa an riga an sadu aure ya tabbata, sharaɗi ya faɗi. Ashe in labarin gaskiya ne, ba zina Ja'afaru ya yi ba. Umurnin ubangidansa ya ƙetare, ya kuma ɓoye masa. Ɓoyewar nan ce ta sa wuyan waziri ya koma hannun kuyanga. Ko a kasuwar Bena ta ƙasar Zuru, attajiri ya san yaron da yake tsoron kada wani ya tona shi ya riga ya sami ubangida na biyu, ba a kuma ba shi mabuɗin sito.

Amma Ibni Haldun, wanda ya rasu a 1406, ya ƙaryata ƙissar cikin Muƙaddima. Hujjarsa ta fari ita ce 'yar halifa, jinin Abbas, ta fi ƙarfin ta haɗa nasaba da bara Bafarishe. Wannan hujja ba ta da nauyi sosai, gama asali bai taɓa hana zuciya so ba. Ta biyun ce mai ƙarfi. Ya ce Barmakawa sun mamaye muƙamai da kuɗin haraji, har Halifa kan nemi kuɗi kaɗan bai samu ba, mawaƙa kuma suna yabonsu fiye da shi. Ɗabari kansa ya kawo wani dalili, cewa Ja'afaru ya saki Yahaya ɗan Abdullahi, na zuriyar Aliyu, wanda aka ba shi tsaro, ba da sanin Halifa ba, sai maƙiyinsa Falalu ɗan Rabi'u ya kai sara.

Ko wace riwaya mutum ya ɗauka, magana ɗaya ce ke komowa: waziri ya yi hulɗa a asirce, da mace ko da fursuna, wani na kusa ya sani ya ajiye har ranar da za ta yi tsada. Abin mamaki, labarin haraji malamai kaɗai ke tunawa da shi, na Abbasa kuwa ya shiga bakin duniya fiye da shekara 1200, alhali ita ba a ji ta bakinta ba ko sau ɗaya.

Tsoho Yahaya, wanda Haruna ke kira baba, ya rasu a kurkuku a Raƙƙa a 805, ɗansa Falalu ya bi shi a 808. Wazirci kuwa ya faɗa hannun Falalu ɗan Rabi'u.