Ɗigon ruwa a cikin ƙoƙo

A babbar majami'ar Katolika ta Waliyyi Patrick da ke Maiduguri, akwai wani ɗan aiki da fada ke yi a tsakiyar Mas wanda yawancin masu ibada ba sa lura da shi. Lokaci ne na kai baiko, mawaƙa sun ɗaga murya, jama'a na layi, hankalin kowa ya tafi can. Shi kuwa fada yana tsaye a bagade, ya zuba ruwan inabi a ƙoƙo, sannan ya ɗauki 'yar butar ruwa ya ɗiga kaɗan a kai, leɓensa na motsi. Addu'ar wannan wuri a asirce ake yin ta. Abin da yake roƙo shi ne, ta wurin asirin ruwan nan da inabin nan, mutane su sami rabo cikin Allahntakar Almasihu, shi da ya ƙasƙantar da kansa ya ɗauki mutuntakarsu.

Cikin wannan gajeriyar addu'a akwai koyarwar da ta fi kowace nauyi a kan makomar ɗan Adam a wurin Katolika. Da Helenanci ana kiranta tiyosis. Ranar da na faɗa wa wani dattijo maƙwabcina, Musulmi mai karatu, abin da addu'ar ta ƙunsa, sai ya ajiye carbinsa ya dube ni. Ya ce, "Ɗana, wannan magana da girma take. Bawa ya yi tarayya da Ubangijinsa?" Na ce, "Baba, tsoron da ka ji a kan hanya yake, Ikkilisiya ma ta ji shi tun kafin a haifi kakanninmu." Tambayarsa ta cancanci amsa a tsanake, domin a kunnen Bahaushe kalmar tarayya, idan aka haɗa ta da sunan Allah, shirka take kira.

Matsalar daga kalmar take farawa. Mu a wurinmu tarayya ta gado ce ko ta kasuwa: gona ɗaya, magada biyar, abin da wannan ya samu ya ragu daga na wancan. Da haka ake nufi, da koyarwar ta zama saɓo, kuma Katolika zai riga kowa faɗin haka. Ikkilisiya tana shaida Allah ɗaya ne, zatinsa ba ya rabuwa, ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa. Babban taron bishop-bishop na Lateran na huɗu, a shekarar 1215, ya kafa ƙa'idar da har yau ake koyarwa: duk kamannin da za a iya gani tsakanin Mahalicci da abin halitta, bambancin da ke tsakaninsu ya fi shi girma. Mutum halitta ne, halitta zai tabbata har abada, ko a Aljanna.

Akwai wani irin rabo da muka sani wanda ba ya rage wa mai bayarwa komai. Kafin ashana ta yawaita, da sassafe akan aiki yarinya gidan maƙwabta da kasko ta ɗebo wuta. Ta dawo da garwashi, murhun gidansu ya kama, na maƙwabta kuma bai ragu da komai ba. Wutar da ke ci a gidansu wuta ce ta gaske, tana dafa tuwo, amma ba su suka ƙirƙire ta ba. Irin wannan rabo ne wasiƙar Bitrus ta biyu take nufi a sura ta 1, aya ta 4, ayar da dukan koyarwar ta dogara a kanta.

Malaman Ikkilisiya na farko sun fi son misalin maƙera, ni ma shi na fi so. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin maƙera ya ga yadda ake yi. Ƙarfe baƙi ne, mai sanyi, mai taurin kai. Maƙeri ya cusa shi cikin gawayi, yaro na zuga, jim kaɗan sai ya yi ja, ya yi jawur, har ya koma fari-fari yana haske. Ka taɓa shi da kara, karan ya kama. Yana ƙuna, yana haskakawa, duk aikin wuta yana yi, amma a auna shi a ga, ƙarfe ne yadda yake, nauyinsa na nan. Kuma a wannan hali ne kaɗai yake lanƙwasuwa a ƙera shi ya zama garma ko lauje. A janye shi daga wutar, ya huce ya koma baƙinsa. Zafin bai taɓa zama mallakarsa ba, muddin yana cikin wuta ne yake da shi. Misalin ya fi na ɗigon ruwa daidai ta fuska ɗaya: ɗigo yana ɓacewa ga ido, ƙarfe kuwa ba ya ɓacewa. Katolika ba ta koyar da cewa mutum zai narke cikin Allah ya rasa kansa. Taron Kalsidon na 451 ya yanke cewa ko a cikin Almasihu kansa, Allahntaka da mutuntaka ba su cakuɗe ba, ɗaya ba ta haɗiye ɗaya ba. In ba ta haɗiye tasa ba, ba za ta haɗiye ta kowa ba.

Abin da ya kamata mu 'yan Afirka mu sani shi ne, da yawa daga cikin waɗanda suka gina wannan tunani 'yan nahiyarmu ne. Gaskiya Irenayus, bishop na Liyon a Faransa ta yau, ya riga su wajen shekara ta 180, da ya bayyana abin a matsayin musaya: Ɗan Allah ya zama abin da muke domin ya kai mu ga abin da yake. Amma wanda ya ɗauki maganar ya yi yaƙi da ita shi ne Atanasiyus, bishop na Iskandariyya a Masar daga 328 zuwa 373. A zamaninsa wani firist mai suna Ariyus yana koyar da cewa Almasihu halitta ne, mafi girman halittu. Hujjar Atanasiyus mai sauƙi ce: wanda ba shi da abu ba ya bayar da shi. Idan Almasihu halitta ne, to garwashin da ya kawo ba daga murhun Allah ya fito ba. Sau biyar aka kore shi daga kujerarsa saboda wannan matsayi, bai sauya ba.

Sai Agustin, bishop na Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 430. Shi ya ja layin da ya kwantar da hankalin masu tsoro irin na Baba: Almasihu Ɗa ne ta wurin zati, mutane kuma 'ya'ya ne ta wurin alheri. Mu mun san ɗan riƙo, yaron da aka ɗauko aka rena a gidan da ba a haife shi ba. Yana cin tuwon gidan, yana ɗaukar tarbiyyar gidan, har tafiyarsa takan koma irin ta maigidan. Inda misalin ya gaza shi ne, a al'adarmu ɗan riƙo ba ya gado, Bulus kuwa a wasiƙarsa zuwa ga Romawa ya ce waɗannan 'ya'ya magada ne. Maiduguri tana da dangantaka ta musamman da wannan malami, domin limaman ƙungiyar da ke ɗauke da sunansa, waɗanda suka zo daga Ailan, su suka kafa aikin Katolika a nan. An ware yankin a 1953, ya zama cikakken dayosis a 1966, kuma bishop na farko, Timothy Cotter, ɗan ƙungiyar ne.

Katikisim na Ikkilisiyar Katolika, wanda aka fitar a 1992, ya kawo dalilai huɗu na zaman Kalman Allah mutum, a sakin layi na 457 zuwa 460. Na ƙarshe, wanda sauran suke gangarowa gare shi, shi ne wannan rabo. A ganina nan ne wa'azinmu yakan tsaya a rabin hanya. Mukan yi ta maganar gafarar zunubi, kamar dukan aikin Allah shi ne yafe bashi. Yafe bashi babban abu ne, amma wanda aka yafe wa bashi yana iya kasancewa baƙo a ƙofar gida. Koyarwar tana cewa an buɗe ƙofa an ce masa ya shigo ya zauna.

Ta yaya ƙarfen yake shiga wuta? Amsar Katolika ita ce baftisma da farko, inda Ruhu Mai Tsarki yake sa wa mutum abin da ake kira alheri mai tsarkakewa. Malamin Ikkilisiya Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya bayyana alherin nan da cewa shi kansa rabo ne cikin rayuwar Allah, ba takardar shaida ba ce da aka rubuta a waje. Sannan Jibin Ubangiji. Agustin ya lura da wani abu a nan: kowane abinci idan ka ci shi yakan zama kai, tuwo ya zama jini da tsoka, wannan kuwa shi yake mayar da mai cinsa ya zama irinsa. Idan mutum ya faɗa babban zunubi, ƙarfe ya huce ke nan, sai ya je ya yi furci a mayar da shi wuta. Cikar abin sai a lahira, inda tsarkaka za su ga Allah ba shamaki, kamar yadda Paparoma Benedict na 12 ya tabbatar a 1336. Alamar da ake dubawa a duniya kuma ba mu'ujiza ba ce, hali ne: mutum ya fara ƙaunar abin da Allah yake ƙauna, ya iya yafe abin da ƙarfinsa shi kaɗai ba zai iya yafewa ba. Shi ya sa ake bambanta wannan da abin da maciji ya yi wa Adamu da Hauwa'u tayi a gonar Aidan. Su sun miƙa hannu su fizge, wannan kuwa kyauta ce da ake karɓa a durƙushe.

Maiduguri gari ne na tsangayu da zawiyoyi. Duk wanda ya zauna da mutanen ɗariƙa ya ji maganar kusanci da fana'i, zai ji wani abu a nan ya yi masa kama da abin da ya sani. Ƙishin yana da kama, amma tushen daban yake, kuma girmama juna ya haɗa da faɗin haka. Musulunci bai yarda Allah ya zama mutum ba, koyarwar Katolika kuma a kan wannan kaɗai take tsaye. Baba ya saurare ni har ƙarshe, bai yarda ba, amma ya ce yanzu ya gane ba gumaka muke ƙirgawa ba.

Dayosis ɗin Maiduguri ya sha wuya. An kashe Fada Michael Gajere a tarzomar Fabrairun 2006. Bishop Oliver Dashe Doeme ya karɓi aiki a 2009, shekarar da rikicin Boko Haram ya ɓarke, rikicin da ya ci Musulmi da Kirista, masallatai da majami'u. A 2014 garuruwa irin su Gwoza, Madagali da Michika suka faɗa hannun mayaƙa, mutane suka watse zuwa Maiduguri da Yola da Kamaru. Matar da ta rasa miji da gida, ta zauna a benci da zane ɗaya, duniya ta gaya mata ita ba kowa ba ce. Addu'ar da fada ke yi a asirce tana faɗin wani abu dabam game da ita.

Wani ɗan Afirka ne ya fassara ɗigon tun da daɗewa. Kifriyanus, bishop na Kartaj a Tunisiya ta yau, ya rubuta wasiƙa yana tsawata wa masu miƙa ruwa zalla a ƙoƙo. Ya ce inabin jinin Almasihu ne, ruwan kuma jama'a ne. A miƙa inabi kaɗai, an bar Almasihu ba mutanensa. A miƙa ruwa kaɗai, an bar mutane ba Almasihu. In kuwa aka haɗa su, babu mai iya sake raba su. Ya rubuta haka ne a zamanin da jama'arsa take fama da tsanantawar sarakunan Rum, shi ma aka fille masa kai a 258. Ran Lahadi mai zuwa fada zai sake ɗaga 'yar butar nan a majami'ar Waliyyi Patrick, mawaƙa na rera waƙar baiko, kuma ruwan da zai ɗiga irin wanda matar nan ta sha ne da safe kafin ta fito.