Matsayin Kalmomin Awo da na Asara a Ƙididdigar Ɓarnar Abinci

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2011 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kiyasta cewa kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake samarwa a duniya, wato tan biliyan 1.3, yana salwanta kowace shekara. A 2021 kuma Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar ta ce kowane ɗan Nijeriya yana zubar da kilo 189 a gida a shekara, sannan rahotonta na 2024 ya sauko da adadin zuwa kilo 113. Wannan maƙala za ta nuna cewa ingancin irin waɗannan alƙaluma ya danganta ƙwarai ga harshen da aka yi tambaya da shi.

2.0 Asara da Almubazzaranci

Masana ƙididdiga sun raba matsalar gida biyu. Akwai abin da ke lalacewa tsakanin gona da kasuwa, akwai kuma wanda ake zubarwa a shago ko a gida. Hausa tana da "asara" ga na farko da "almubazzaranci" ga na biyu. Sai dai kalmar ta biyu, wadda aka aro daga Larabci, tana ɗauke da zargi na addini. Uwargidan da aka tambaya ko tana almubazzaranci, da wuya ta amsa da i.

Bugu da ƙari, ba duk ragowa ce ɓarna ba. Tuwon da ya kwana ɗumame ne, wanda ya kama a gindin tukunya ƙanzo ne, dusa ta dabbobi ce, tumatirin da ya yi kwantai kuwa a yanka shi a shanya ya zama kauɗa. Takardar tambayoyin da ba ta san waɗannan kalmomi ba za ta lissafa abincin gobe cikin shara.

3.0 Ma'aunai

Kwamfuta kilo ta sani, kasuwa kuwa da kwando da buhu da tiya da mudu take ciniki, kuma girmansu yakan bambanta daga gari zuwa gari. Alal misali, tumatirin da aka loda a Kwanar Gafan ta Jihar Kano a kwando yake tasowa, amma a Durumi ta Abuja kashi-kashi ake kasa shi. Abin da ya ruɓe a ƙasan kwandon ba zai shiga lissafi ba sai an san kashi nawa ne kwando, kwando kuma kilo nawa ne. A nan Durumin akwai sansanin 'yan gudun hijira, galibinsu daga Gwoza, waɗanda mudu guda ba ƙaramin abu ba ne a wurinsu.

Ke nan kafin a auna ribar sauya kwandon kaba da akwatin roba, wajibi ne masana harshe su tattara waɗannan kalmomi kasuwa-kasuwa, tare da nauyin kowannensu a sikeli.