Lambar Inna Tana Nan a Wayarki

Uwargida, duba wayar da ke hannunki. Idan mahaifiyarki ta riga mu gidan gaskiya, da wuya a ce kin goge lambarta. Tana nan an rubuta "Inna" ko "Mama", wani lokaci har yatsanki ya kai kanta kafin ki tuna babu mai ɗauka.

A Zamfara wannan ciwon yana da ƙarin nauyi. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a faɗin jihar saboda 'yan bindiga, aka rufe kasuwannin mako. Wadda ke aure a Gusau, uwa tana Tsafe ko wani ƙauyen Bunguɗu, ba ta da hanyar jin lafiyarta sai in direba ya zo da saƙo. Layuka sun dawo, amma fargabar hanya ba ta tafi ba, jana'iza kuwa ba ta jiran na nesa. Sai 'ya ta iso ta tarar an riga an kai, saura tabarmin zaman makoki. Daga nan zuciya ta yi ta cin ta: ban yi jinya ba, ban roƙi gafara ba.

Idan ke ce, ki sani ba kanki farau ba. Sahabi Sa'ad ɗan Ubada ba ya gari lokacin da mahaifiyarsa ta rasu. Ya tambayi Annabi (SAW) ko sadakar da zai yi mata za ta amfane ta, aka ce masa ƙwarai, sai ya bayar da gonarsa. Ashe ƙofar kyautata wa uwa ba ta rufuwa ranar da aka rufe ta.

Ke ba sai kina da gona ba. Fara da bashi. Iyayenmu mata ba su cika rubutawa ba: zubin adashi, kwanon gero da aka aro, kuɗin mai daddawa. Ki tambayi abokiyar zamanta ko uwar adashi a asirce, ki sauke mata nauyin.

Sai ƙawayenta. Annabi (SAW) yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayen Nana Khadija bayan rasuwarta. Tsohuwar nan da suke zuwa biki da suna tare, wa ya leƙa ta tun da aka watse daga sadakar arba'in? Wataƙila ma tashin hankali ya koro ta Gusau, tana raɓe a gidan wani. Ki neme ta. Sabulu, goro, kwanon tuwo ranar Juma'a, ko kira kawai ki ce, "Inna, ya ƙarfin jiki?" A bakinta za ki ji labarin ƙuruciyar mahaifiyarki da ba ki taɓa ji ba.

Kada labarin ya tsaya a kunnenki. Ki nemi izininta ki naɗi muryarta a waya: sunayen kakanni, garin da aka taso, yadda marigayiya take gasa hoce, addu'ar da take tofa wa yaro in zazzaɓi ya kama shi. Yaranki da ba su san kakarsu ba, ta nan za su san ta. Ki koya musu ambaton sunanta a addu'a bayan salla, domin addu'ar ɗa nagari tana cikin abubuwa 3 da ba sa yankewa ga mamaci.

Ke kuma da taki take raye, ajiye karatun nan ki kira ta yanzu, tun akwai mai ɗauka.

Wane abu na mahaifiyarki kike yi har yau ba ki fasa ba? Faɗa mana a ƙasa, mu taya ki yi mata addu'a. Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya sa Aljanna ce makomarsu, Ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara.