Tsibirin da fim ya janyo wa wahala

Duk wanda ya taso a Barnawa ko Kakuri ya san Kogin Kaduna da damina: ruwa jawur, idan ka nutsa ko tafin hannun ka ba ka gani. Shi ya sa in an nuno teku garau a fim, har ana hango kifi a ƙasa, sai ka ji samari na gardama wai aikin kwamfuta ne. To ba kwamfuta ba ce!

Kun tuna tsibirin da Hrithik Roshan da Ameesha Patel su ka maƙale a cikin 'Kaho Naa... Pyaar Hai'? A lardin Krabi na ƙasar Tailan aka ɗauke shi. A lardin ne kuma ake da Maya Bay, cikin wani gandun teku na gwamnati, inda darakta Danny Boyle ya yi lokeshin ɗin 'The Beach', fim ɗin Leonardo DiCaprio na 2000.

Masu nutso a tekun nan su kan goya tukunyar iska a baya, su sa tabarau da takalmin roba mai kama da ƙafar agwagwa. Ɗan koyo mai takardar shaidar farko ba ya wuce zurfin mita 18. Babban haɗarin ma a wurin tasowa ya ke. Wanda ya yi zurfi ya taso da gaggawa, iskar naitirojin da ta shiga jinin sa sai ta yi kumfa, kamar an buɗe kwalbar lemo. Ƙarshen ta shanyewar jiki, ko ma a rasa rai.

Amma wanda ya fi jin jiki shi ne tsibirin. Tun wajen ɗaukar fim aka baje tudun yashi, aka dasa itatuwan kwakwa don hoto ya yi kyau, har magana ta kai kotu. Da fim ya fito kuwa sai 'yan yawon buɗe ido su ka yo caa, wajen mutum 5,000 a rana. Jiragen ruwa su ka ragargaza murjanin da kifaye ke fakewa a ciki.

Dole hukuma ta rufe wurin a Yunin 2018, ba a sake buɗewa ba sai Janairun 2022, shi ma da sharaɗi: jirgi ba ya shiga, ninƙaya an hana. Furodusan da ke mafarkin ɗaukar waƙa a can, jarumar sa iyakar ta tsoma ƙafa a bakin ruwa.