Kabari Gidan Mai Shi Ne

Duk garin da ya bunƙasa, ba rayayyu kaɗai ke neman wurin kwana ba, har da matattu. Wanda ya bi hanyar Katsina ta Kurfi ya nufi Dutsin-Ma zai ga yadda gine-gine ke cin gonaki, tun ba daga 2011 ba, da aka kafa jami'ar tarayya a Dutsin-Ma. Filin da a da a ke kira bayan gari yau ya zama unguwa. To, ina za a kai waɗanda su ka riga mu kwanciya a can?

Turawa sun daɗe da karo da wannan matsala. A Sedlec ta ƙasar Cek, annobar ƙarni na 14 da yaƙe-yaƙen ƙarni na 15 su ka cika maƙabarta maƙil, sai aka tone tsofaffin kaburbura aka tara ƙasusuwan a ƙarƙashin wata majami'a. Cikin 1870 aka sa wani masassaƙi, František Rint, ya jera su. Ya ƙawata ɗakin da ƙasusuwan mutum wajen 40,000, har fitilar rataye ya yi da su. A Ebora ta ƙasar Fotugal akwai ɗakin ibada da aka lulluɓe bangonsa da ƙasusuwan mutum kamar 5,000, don mai shiga ya tuna da mutuwa. A Paris kuwa, daga 1786 aka yi ta kwashe ƙasusuwa zuwa ramukan da aka haƙi duwatsu a ƙarƙashin birnin, har su ka kai na mutum miliyan 6.

Mu tamu hanyar dabam ce. Gaskiya ne, cikin 622 da aka tashi gina masallacin Madina, filin na da dabinai da kaburburan mushirikai, aka tone su aka baje wurin, amma ba a sa ƙashi ko ɗaya cikin ginin ba. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya daidaita laifin karya ƙashin mamaci da na karya na mai rai. Malaman Malikiyya kuma sun ɗauki kabari hubusi ne ga mai shi muddin da sauransa a ciki. In ya ruɓe sarai, sun yarda a sake binne wani a wurin, amma ban da gina gida ko noma. Watau mu ƙasar mu ke sake amfani da ita, ba ƙashin ba.

Kaburbura kuwa tarihi ne. A Durɓi ta Kusheyi, kusa da Mani, haƙar da aka yi cikin 1907 da 1992 ta fito da kayan tagulla da na ado, waɗanda su ka nuna arzikin sarakunan da da nisan fataucinsu.

Saboda haka ya kamata hakimai da dagatai da limamai su sa a auna kowace tsohuwar maƙabarta, a rubuta iyakarta, a kewaye ta, a dasa itatuwa a gefenta. Magini kuma in ya tarar da ƙashi wajen haƙa harsashi, ya dakata ya sanar da mai unguwa, a suturta shi a mai da shi maƙabarta. Yadda mu ka yi wa na gaba, haka na baya za su yi mana. Allah ya sa mu cika da imani.